Bambar baya ta ƙi zama a Porsche 911: jikin Carrera S da na 4S faɗinsu ɗaya ne?

Fanelbita_Ɗambatta

Assalamu alaikum iyayen gida da abokan sana'a. Ina son a haska min wani abu kafin in sa guduma a motar mutane.

An kawo min Porsche 911 ƙirar 2007 da ta fito daga gwanjon Amurka, an buge ta ta baya gefen hagu. Bamba ta fashe, fendar baya ta lotsa tun daga bayan ƙofa har wajen fitila, rim ɗin gefen kuma ya tsage. A murfin inji an rubuta Carrera 4S. Mai motar ya sa an turo masa bambar Beljiyam da rim guda daga Legas, an ce daga jikin Carrera S ta wannan shekarar aka ciro su. Da na ɗora bambar tsakiyarta ta zauna, amma kunnuwanta biyu ba su kai bakin fenda ba. Ko a gefen dama da babu abin da ya same shi, fendar ta fi bambar fitowa da kamar faɗin babban yatsa. Rim ɗin inci 19 ne, faɗinsa 11 kamar ɗan'uwansa, amma da aka ɗaura shi sai ya shige ciki.

Shin bugun ne ya buɗa bayan motar, ko dama can jikinsu ba ɗaya ba ne? In ba ɗaya ba ne, za a iya gasa bambar a buɗa ta, a cike sauran da fila? Rim ɗin kuma a bar shi ko a mayar?

Bakanike_Kazaure

Wa alaikumus salam. Sannu da aiki, malam. Ka kyauta da ka tsaya ka tambaya, domin ba bugu ba ne ya buɗa ta, haka kamfani ya ƙera ta.

Motar da ke gabanka tana cikin zubin da Porsche ke kira 997, wanda aka yi daga 2004 zuwa 2012. A wannan zubin jiki iri biyu ne. Akwai siririn jiki mai faɗin milimita 1808, shi ne na Carrera da Carrera S masu ja da tayoyin baya kawai, har da GT3. Akwai kuma mai faɗin ƙugu, milimita 1852, na Carrera 4 da 4S da Targa da Turbo. Tsakaninsu milimita 44, wato 22 a kowane gefe, kuma wannan shi ne faɗin yatsan da ka gani. Awon nan ba da madubi ake yinsa ba, a kan kumburin fendar baya ake ɗaukarsa, nan ne motar ta fi faɗi.

Abin da ke ruɗa mutane shi ne duk ƙarin a baya yake. In ka tsaya a gaban S da 4S ba za ka bambance su ba: bonet ɗaya, fendar gaba ɗaya, bambar gaba ɗaya, ƙofofi ɗaya. Injin ma ɗaya ne, mai lita 3.8. Shi ya sa mai sayar da kaya zai ce maka ai duk 997 ce, kuma in kayan gaba kake nema bai yi ƙarya ba. Daga bayan ƙofa ne labari ya canza: fendar baya, bambar baya, robar da ke cikin ramin taya, robar ƙasan ƙofa wajen da ta haɗu da fenda, ledar da ake mannawa gaban tayar baya don kare fenti, da rim ɗin baya, duk kowane jiki da nasa.

Kada ka dogara da rubutun murfin inji, manna shi ake yi, kowa na iya sayowa ya liƙa. Ka ɗaga gaban motar ka leƙa bayan tayar gaba. In ka ga shaf ya fito daga tsakiya ya shiga cibiyar taya hagu da dama, mai ja da ƙafa huɗu ce. But ɗinta na gaba ma ya fi ƙanƙanta, lita 105 maimakon 135, saboda kayan jan gaba sun ci wuri.

Batun gasa bamba kuwa, ban ba ka shawara ba. Da na'urar hura zafi za ka iya gyara kunnen da ya ɗan karkace da milimita uku ko huɗu. Amma 22 a kowane gefe ba karkata ba ce, robar ce ba ta kai ba, kuma lanƙwasar kusurwarta daban take da ta fendar. In ka tilasta mata za ta yi tauri a wurin noti, rana ta buge ta ta ja da baya, kunnen ya tsage. Sannan ka tuna salansar wannan mota guda biyu suna zaune ne a cikin kusurwoyin bambar, bayan tayoyi, hagu da dama. Wurin da kake son cikewa da fila shi ne wurin da ya fi ko'ina zafi da girgiza. Ba zai yi wata uku ba fentin zai fara tsattsagewa.

A mayar da ita a nemo ta jiki mai faɗi. Ga abin da za a faɗa wa mai kaya, kuma a sa ya turo hoto kafin a biya. Ta Carrera 4 ko 4S ce ake so, ta ƙirar 2006 zuwa 2008. Daga ƙirar 2009 an canza fitilun baya zuwa LED, siffarsu ta canza, don haka bambar 4S ta 2010 faɗinta daidai ne amma wurin fitila ba zai hau ba. Ta Turbo ma faɗin ɗaya ne, sai dai tana da tagogin iska a gefe, ba taka ba ce. Tunda motar ta Amurka ce, duba ko tsohuwar bambar tana da 'yan ƙullutai biyu a gefen lamba, na Turai ba su da su. In akwai ramuka huɗu na na'urar da ke yin ƙara in an matso abu da baya, a nemo mai ramukan. Mafi sauƙi, ka ba shi lambar shasi mai harafi 17 ya duba a kundin kayan Porsche, sannan ka juya fasasshiyar bambar ka karanta lambar da aka buga a cikinta, ta fara da 997, a gwada da ta wadda za a turo.

MaiTaya_Gumel

Oga na Kazaure ya gama maganar jiki. Bari in ɗauki ta rim, don nan ne aka fi yin asarar kuɗi.

Malam, ka kwantar da rim ɗin biyu ka duba bayan ƙafafunsu, akwai rubutu da aka zuba tare da ƙarfen. A na motar za ka ga 11J x 19 ET51. A wanda aka turo za ka ga 11J x 19 ET67. Wannan ET ɗin shi ne nisan da ke tsakanin tsakiyar faɗin rim da fuskar da ke manne wa cibiya, da milimita. In lambar ta yi girma rim ya shige ciki, in ta yi ƙasa ya fito waje. Daga 67 zuwa 51 akwai 16. To da wannan 16 ɗin kamfani ya turo tayar 4S waje don ta cika fendar.

Ka lissafa ka gani. Rim ya fito da milimita 16. Tayar bayan Carrera S 295/30 ce, ta 4S kuma 305/30, ta fi ta faɗi da milimita 10, wato 5 ta waje 5 ta ciki. Ka haɗa 16 da 5, ka sami 21, ga fenda ta fito da 22. Ka ga ashe ba ado kawai aka yi ba, an buɗa jikin ne daidai da abin da zai rufe. Tazarar tayoyin baya biyu a S milimita 1516 ce, a 4S kuma 1548, bambancin 32, wato 16 sau biyu.

Kada motar ta fita da ET51 a dama da ET67 a hagu. Taya ɗaya tana waje ɗaya tana ciki, motar da injinta ke rataye a bayan tayoyin baya, nauyinta mafi yawa a can, ba abin wasa ba ne a kan kwana ko in an taka birki da ƙarfi.

Hanya biyu ce. Ta farko, wadda na fi so, a mayar a nemo ET51. Ta biyu, in an rasa, a sa faifan da ake sakawa tsakanin cibiya da rim, mai kaurin da zai cike 16 ɗin nan. Amma da sharuɗɗa. Faifan ya zama na alminiyam da aka yi don wannan mota, mai ramuka biyar a kan da'irar milimita 130, mai leɓen da ke shiga ramin tsakiyar rim, milimita 71.6. In babu leɓen, nauyin mota ya koma kan notuna, za a ji rawa a gudu, daga baya noti ya karye. Notunan kuma dole a ƙara musu tsawo daidai kaurin faifan. In ka sa tsofaffin, zare biyu ko uku kawai za su kama. Girmansu M14 x 1.5, wuyansu zagayayye ne, ba mai tsini irin na BMW ba, in ka sa mai tsini zai ci mazaunin rim ya riƙa kwancewa. Ƙarfin ɗauri 130 Nm, da sifana mai awo, ba a hau da ƙafa a taka ba. Wanda za a je wajen mai injin yanka ƙarfe a yanko daga guntun faranti, ko a jera ƙananan zobban ƙarfe (washa) a bayan rim, wannan kam ina roƙonka don Allah kada ka yarda a yi a shagonka.

Gaba ba matsala, S da 4S duk 8J x 19 ET57 ne da taya 235/35.

Sai abu ɗaya da ke damuna da motocin nan in sun shigo ƙauye. Taya 305/30 R19 ba a samunta a ko'ina, sai an aika Kano ko Abuja ko Legas, sai mai taya ya ce ga 305/35 ko 295/35, ai kusan ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Lamba ta biyu tsayin gefen taya ce, a matsayin kaso cikin ɗari na faɗinta. Tsayin 305/30 R19 daga ƙasa zuwa sama kusan milimita 666 ne, na 305/35 kuma kusan 696, ƙarin santimita uku ke nan. A 4S ta 2007 abin da ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya wani kulli ne da ke da mai mai kauri a ciki, yana aiki ne da bambancin juyawar gaba da baya, yana tura kashi 5 zuwa 40 cikin ɗari gaba. In tsayin tayoyin ya saɓa wa abin da aka tsara, kullin zai ɗauka kullum taya na sulɓi, ya yi ta aiki yana zafi har ya lalace. ABS, na'urar da ke hana tayoyi kullewa in an taka birki, ita ma za ta rikice. A tsaya a kan lambar da ke jikin takardar da aka manna a motar, tayoyin baya biyu su zama iri ɗaya, cinsu ɗaya. In an sami masu alamar N0 ko N1 ko N2 a gefe, su ne waɗanda Porsche ta amince da su.

TsohonMaiGuduma_Bichi

Yaro, Allah ya yi wa sana'a albarka. Duk abin da suka faɗa haka yake, amma ni ina ganin an yi gaggawar zuwa kan bamba. Bamba ita ce ƙarshen aiki. Bugun da ya tsaga rim bai tsaya a rim ba, sai ka tabbatar da ƙafa kafin ka taɓa fenda, in ba haka ba za ka daidaita fenda da tayar da ba a wurinta take ba.

Fara da awo. Sami daɓe sumul wanda ba shi da gangare, ka daidaita iskar tayoyi, sitiyari a miƙe. Auna daga tsakiyar cibiyar gaba zuwa tsakiyar cibiyar baya, dama da hagu. Ya kamata ka sami milimita 2350 kowane gefe. In hagu ya gaza ko ya zarce da fiye da 'yan milimita, wani hannu ya lanƙwashe. Ƙafar bayan motar nan hannuwa biyar ne kowane gefe, na alminiyam. Alminiyam ba a gasa shi a miƙe, in ka miƙe shi ya riga ya yi rauni a ciki, wata rana a kan gudu zai rabu. Canzawa ake yi.

Sannan ka fitar da tsakiyar mota. Ɗauki zare mai ƙarfe a ƙasa irin na magina, ka sake shi daga wuraren sa jak na baya, hagu da dama, ka ɗiga alli a ƙasa, ka raba tazarar biyu. Yi haka a na gaba, ka ja layi ya haɗa su. Yanzu saki zaren daga inda fendar dama ta fi kumbura, ka auna zuwa layin. In ka sami 926, jiki mai faɗi ne kuma gefen lafiya lau yake. Da siririn jiki ne 904 za ka samu. Wannan 926 ɗin shi za ka kai hagu.

Don siffa kuwa, gefen dama shi ne malaminka. Yanki kwali mai ƙarfi ya bi lanƙwasar fendar dama a wuri uku: saman taya daidai, tafin hannu biyu gaba, tafin hannu biyu baya, da wani na kwance daga bakin ƙofa zuwa fitila. Ka juya su ka riƙa gwadawa a hagu kana bugu. Ido kaɗai yana yaudara a wannan ƙugun, domin ba shi da layi ko ɗaya da za ka bi, kumburi ne zalla, kuma in ka rage shi da milimita biyar sabuwar bambar da aka sha wahalar nemowa ita ma ba za ta zauna ba.

Fendar bayan 911 ba a kwance ta da sifana kamar ta gaba, walda aka yi mata da jiki. In lotsawa ce kawai, cire fitila da robar ramin taya da kayan ciki na gefen kujerar baya, ka tura daga ciki a hankali, kana bi daga bakin lotsawar zuwa tsakiya. In ƙarfen ya naɗe ko ya yage a leɓen taya inda yake ninki biyu, gara a yanko ɓangaren daga jikin wata mai faɗin, a huda ɗigon waldar kamfani da dirila a ɗora. Fila kada ta wuce kaurin milimita biyu zuwa uku.

Ka yi hankali da wutar kabayit. Ƙarfen jikin an rufe shi da zinki don hana tsatsa, wuta tana ƙone rufin, hayaƙinsa fari yana sa zazzaɓi da ciwon kai, kuma zafin yana sa faffaɗan wuri irin wannan ya yi ta motsi ka kasa kama shi. In da hali a yi da waldar waya, ɗigo-ɗigo, ana bari yana hucewa. Bayan an gama a shafe ciki da maganin tsatsa, a mayar da gam ɗin haɗin. Tankin ruwan inji na roba ne, yana cikin ɗakin inji ta gefen hagun nan da za ka yi aiki, ka kare shi da jiƙaƙƙen buhu ko ka cire shi. Ƙwaƙwalwar inji tana bayan kujerun baya, don haka a cire kan batir kafin walda.

Batir ɗin yana but ɗin gaba, kuma da lantarki ake buɗe bonet ɗin. In ka cire batir ka rufe bonet, ka kulle kanka a waje. Ɗora tsumma a kan makullin don kada ya kama. Gilashin ƙofa kuma ba shi da firam, yana ɗan sauka da kansa in an buɗe ƙofa, to ka sauke su kaɗan kafin ka cire wuta, kada yara su buga ƙofa gilashi ya daki roba ya fashe.

Dillali_Haɗeja

Baba na Bichi, Allah ya ƙara lafiya. Ina da ɗan ƙari a kan maganar Oga na Kazaure, kada wani ya karanta ya ɗauka ko'ina lamba 4 tana nufin faɗi, rashinta kuma siriri. A 997 ɗin ma Carrera GTS da ta zo a ƙarshen zubin, da tayoyin baya kawai take ja, amma jikinta 1852 ne, haka GT3 RS. Wato za ka iya leƙawa ba ka ga shaf a gaba ba, jikin kuma mai faɗi ne. A zubin da ya gabace ta, 996, Carrera 4 siririn jiki gare ta, 4S ce ta ɗauki jikin Turbo wanda ya fi da milimita 60. A 991, zubin da ya biyo bayan 997, jiki uku ne: 1808, da 1852, da 1880 na Turbo. Daga 992 da ta fito a 2019 aka daina siririn, kowace Carrera 1852 ce, Turbo kuma 1900. Don haka tef ɗin awo da lambar shasi su ne hujja.

Ba Porsche kaɗai ke yin haka ba. Chevrolet Corvette ta 2005 zuwa 2013 ta yau da kullum milimita 1844 ce, Z06 da Grand Sport kuma 1928, tayar baya ta tashi daga 285 zuwa 325. Ita a gaba da baya aka buɗa ta, amma fendojinta ba ƙarfe ba ne kuma da noti aka ɗaura su, shi ya sa ake yawan mayar da siririya mai faɗi, mai saye ya ɗauka Z06 ce. Dodge Challenger Widebody da ta fito a 2018 leɓe aka ɗora mata a kan fenda, kamfanin ya ce ta ƙaru da inci 3.5, tana ɗaukar taya 305 a kan rim mai faɗin inci 11 duk ƙafa huɗu. Mai sayen irin waɗannan ya duba rim da birki da shokozoba, kada ya tsaya a kan leɓen roba.

Fanelbita_Ɗambatta

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na auna kamar yadda Baba ya ce. Daga layin tsakiya zuwa fendar dama 926, akwai shaf a gaba, rim ɗin da aka turo kuma ET67 ne. Tsakanin cibiyoyi dama 2350, hagu ya gaza da kusan milimita 9, kuma hannu ɗaya na ƙasa ya lanƙwashe ana gani da ido. Leɓen fendar bai yage ba. Mai motar ya yarda a mayar da bamba da rim. Akwai wani abin da ya kamata a haɗa a saƙo ɗaya, kada a yi ta aike sau biyu?

Bakanike_Kazaure

Madalla. Tunda leɓen bai yage ba, bugu zai fitar da ita. A haɗo maka da robar ramin taya ta hagu ta jiki mai faɗi, da maƙalan da ke riƙe kunnen bamba a jikin fenda, da farantin kare zafi na cikin bambar in naka ya murƙushe, don in babu shi salansa za ta narka sabuwar. Hannun da ya lanƙwashe a turo shi tare da 'yar sandar ƙarfen da ke saita kan tayar baya da notunansu masu juyawa, ka kuma juya cibiyar da hannu ka saurara, in tana gurnani a sa boris a lissafi.

Kada a manta da ledar kare fenti ta gaban tayar baya, a sayo ta hagu da dama don launinsu ya zo ɗaya. A hanyoyinmu na burji tayar gaba tana watso tsakuwa kai tsaye kan ƙugun nan da ya fito waje, in babu ledar damina ɗaya ta isa ta feffeƙe sabon fentin. A bar fenti ya bushe sosai kafin a manna ta. Ka nemo lambar launin motar, ka ba mai haɗa fenti ita. In an gama ɗaura ƙafa a kai ta Kano wajen masu saitin taya da kwamfuta a saita duk huɗun, kuma a ɗauke ta a kan babbar mota zuwa can, kada a tuƙa ta da ƙafar da ba a saita ba a kan sababbin tayoyi.